Anini biyu a gwangwanin allura

A ƙarƙashin teburin da nake yanka akwai wani tsohon gwangwanin madara da nake zuba tarkace a ciki: allurai, kwarkwaron zare, maɓallan da suka rasa 'yan'uwansu. Can ƙasa, ƙulle a leda, akwai anini biyu, ɗaya na kafaɗar dama ɗaya na hagu. Na Yaya ne. Ni na saya masa da kuɗina shekara 4 da suka wuce, ranar da ya shigo shago da fara'arsa ya ce sun rubuta jarrabawar ƙarin girma, kuma a ganinsa wannan karon ta yi kyau. Har yau ba su hau kafaɗa ba. Lokaci-lokaci nakan kwance ledar in goge su da ƙyalle don kada su dushe, in mayar.

Ni tela ne a cikin birni. Shadda da yadi su ne abincina, amma tun ina yaron shago na iya kaki, kuma ba kowane tela ke taɓa kaki ba, don aljihunsa da kafaɗarsa ba sa rufa wa mai kuskure asiri. Saboda haka masu ɗamara sun san ƙofata, kuma ba na jiran rediyo ya gaya mini an fitar da sunayen waɗanda aka ƙara wa girma. Da na ga mutum ya shigo da sabon yadin kaki a leda, bai ko taya kuɗin ɗinki ba, yana cewa "Malam, kafin Litinin nake so," na san sunaye sun fito. A wannan makon kuma wasu kan zo da tsohon wando a canza musu zif, su zauna a benci su yi jugum. Su ma ba sai sun faɗa ba.

Yaya ganduroba ne, bana shekararsa 29 a aiki. Ba zan faɗi gidan da yake ba, ba kuma zan kama sunan wani ogansa ba. Yana cikin kaki har yanzu, mai kaki kuwa bakinsa a ɗinke yake. Ni da ba ni da lambar aiki sai in yi magana.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, ƙofar shiga aikin nan uku ce. Mai takardar sakandare daga can ƙasa yake farawa. Mai difloma ko NCE layin sufetoci yake shiga. Mai digiri kuwa ranar da ya gama horo da anininsa ɗaya yake fitowa. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, a ƙananan matakai shekara 2 ake yi kafin mutum ya cancanci hawa, daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara 3, sama da nan shekara 4. Cikar shekarun ba ita ce hawan ba. Sai an zauna jarrabawa, sai an duba rahoton shekara-shekara da shugabanka ya cika a kanka, sannan sai in akwai gurbi. Hukuma guda ce a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, take kula da wannan ga ma'aikatan gidan yari da na shige da fice da 'yan kwana-kwana da sibil difens. Wanda ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa, sai ya tuɓe kaki. Yaya saura shekara 6.

A takarda ban ga abin kushewa a tsarin ba. Damuwata ita ce abin da mudun nan yake iya aunawa, da wanda yake zubewa ta gefe.

Su ma yadi suke ce wa cikin gidan, can bayan ƙofa ta biyu inda ɗakunan fursunoni suke. Nakan tsokane shi in ce dukanmu a yadi muke ci, ni ina yankawa shi yana gadi. To a kowane gida ma'aikata kashi biyu ne, na yadi da na ofis. Yaya ɗan yadi ne tun ranar da ya fara.

Wata shekara cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke sa mutum ya tsani katifarsa, ya buga mini ƙofa bayan sallar asuba. Kakinsa jiƙe sharkaf, idonsa ja wur. Ya ce, "Ranta mini kuɗin mai, ko sisi babu a jikina." Sai da na zaunar da shi aka kawo koko da ƙosai, na yi ta tono, sannan ya faɗi inda kuɗinsa suka tafi.

Injin ruwan gidan ya kwana biyu a lalace. Babu wuta. Ɗakunan a cike maƙil, yawancin mutanen ciki masu jiran shari'a ne, waɗanda ba su san ranar fitarsu ba balle su ƙirga kwanaki su yi haƙuri. Wajen ƙarfe 1 na dare wani ya fara buga kwanonsa a jikin ƙofa. Ɗaki na gaba ya amsa. Kafin ka ce kwabo gida ya ɗauka. Su 'yan ƙalilan ne a duti, kuma cikin yadi ba a shiga da bindiga, makulli ne da usur da fatar baki. Wani yaro a cikinsu ya ce a busa a kira masu bindiga. Yaya ya ce a dakata tukuna. Ya taka zuwa ɗakin da hayaniya ta fi yawa, ya kira shugaban ɗakin da sunansa, don kowane ɗaki yana da wanda fursunoni suke jin maganarsa. Ya san mutumin shekara 3, ya san ƙauyensu, ya san tsohuwarsa da ke kawo masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki ranar ziyara. Ya ce masa, "Ka ba ni awa ɗaya. In ruwa bai zo ba ku ci gaba, ni ma zan ɗauko kwanona in taya ku." Wasu suka yi dariya, kuma wanda ya yi dariya ya rage zafi. Ya buga wa oga waya ya nemi izinin buɗe ƙofar waje, ya aika aka taso 'yan ga-ruwa daga barci, aka turo kura biyu. Daga aljihunsa ya biya, kuɗin dare kuma ba na rana ba ne. Shi da abokan aikinsa suka yi ta ɗaukar jarkoki a ka suna kaiwa ƙofa-ƙofa. Kafin ƙarfe 3 babu abin da ake ji sai munshari.

Na ce, "To Yaya, me aka rubuta?" Ya dube ni kamar na tambaye shi launin iska. Ya ce, "Me za a rubuta? Abin da ake rubutawa kullum. An ƙirga, sun cika, komai lafiya."

Nan gizo ke saƙar. Aikin ganduroba na ƙwarai shi ne abin da bai faru ba: boren da bai tashi ba, wuƙar cokalin da aka gano kafin ta shiga cikin wani, yaron da aka lura ya daina magana aka raba shi da igiyar wandonsa. Abin da bai faru ba kuwa ba ya shiga fayil. Da a daren nan an fasa ƙofa an yi harbi, da an kafa kwamiti, da sunan Yaya ya je har Abuja, ko dai a takardar yabo ko a takardar tuhuma. Da yake ya kashe wutar tun tana tartsatsi, ko kuɗin ruwansa ba a mayar masa ba. Bayan 'yan makonni wani babba ya kawo ziyara, ya yaba da zaman lafiyar gidan, oga ya karɓi yabon da hannu biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jama'a ba sa tunawa da ganduroba sai katanga ta faɗi. Daren 5 ga Yulin 2022 aka kai hari gidan yarin Kuje, ɗaruruwa suka tsere, duniya ta ji. A Afrilun 2024 ruwan sama ya kayar da katanga a Suleja, mutum sama da 100 suka fice. A Satumbar shekarar ambaliyar Maiduguri ta rusa ta can, hukuma ta ce 281 sun gudu. Duk lokacin da irin wannan ta faru tambayar farko ita ce wa ke duti. Darare dubbai da aka ƙirga suka cika, babu mai tambayar wa ke duti.

Ɗan ofis kuwa ido na ganinsa. Shi ke buga takarda, shi ke riƙe jakar oga, shi ke fara jin an buɗe neman masu zuwa kwas Kaduna, tun kafin labarin ya tsallaka ƙofa ta biyu. In lokacin cika rahoton shekara ya yi, oga ya san fuskarsa, ya san sunan 'ya'yansa. Ban ce duk ɗan ofis malalaci ne ba, akwai waɗanda nake yi wa ɗinki da na san suna kwana kan lissafin ranakun kotu don kada a manta da wani a ciki. Amma wanda aka saba gani shi ake tunawa, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Bari in faɗi laifin namu ɓangaren, kada a ce ɗan'uwansa ne ya rufe ido. Lokacin da jarrabawa ta koma kan kwamfuta, zaman farko Yaya faɗuwa ya yi, kuma faɗuwar gaskiya. Ya ce rabin lokacin ya tafi ne yana kokawa da ɗan linzamin nan, kibiya tana gudu yana binta. Ban ga laifin kowa a nan ba. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, kuma na fi yarda da ita a kan jarrabawar da za a kai takardunta ɗaki a rufe ƙofa. 'Yarsa ta biyu ta zaunar da shi wata uku bayan isha tana koya masa, tana yi masa tsawa kamar ita ta haife shi. Zama na biyu ya fito yana murmushi, ranar ce na sayi anini. Da sunaye suka fito babu nasa. Shi dai bai taɓa ganin makinsa ba. Ko faɗuwa ya sake yi, ko ci ya yi gurbi ya ƙare, ko wata takarda ce ta ɓace a fayil, amsa ɗaya ya samu daga wanda ya tambaya: "Ka yi haƙuri, sai wani zagayen." Da an ce masa ka ci kaza, ana neman kaza, da ya san abin da zai gyara. Mutum yakan haƙura da faɗuwa in ya ga inda ya yi tuntuɓe. Duhu shi ke haifar da zargi, ko da kuwa babu wanda ya ci amana.

Ga kuma batun digiri. Ya gane cewa da takardar da ya shiga da ita akwai rufin da kansa ba zai wuce ba, sai ya koma karatun ƙarshen mako yana da furfura. Shekara 5 yana yi, har filinsa na gado ya sayar. Ya gama, ya miƙa takardu a daidaita masa matsayi. Sau biyu ana ce masa ba a gani ba, ya sake hoton takardu ya sake kaiwa. A karo na uku wani ya ja shi gefe ya ce, "Kai ma dai, fayil ba ya tafiya da ƙafarsa." Da ya ba ni labari, ni da bakina na ce nawa ne, zan biya. Ban ɓoye ba, na faɗa, kuma lokacin kayan Sallah ne ina da kuɗi a hannu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "In na bayar yau, gobe fursuna ya miƙo mini in shigo masa da waya, da wane baki zan hana shi?"

Na daɗe ina juya maganar nan, don ta nuna mini cewa zancen ya wuce ɗacin ran mutum ɗaya. Waya da ƙwaya ba sa tsallaka katanga da fiffike, ta ƙofa suke shiga, a aljihun wanda aka amince wa. Kuma babu mai sauƙin saye kamar wanda ya yanke ƙauna. Ma'aikacin da ya shekara 10 yana kallon waɗanda ya koya wa riƙe makulli suna wuce shi, in ba mai tsoron Allah ba ne sosai, wata rana zai ce to ni ma bari in biya kaina. Duk mai son ya kwana lafiya a Kurmawa ko Goron Dutse ko unguwannin da ke kusa da Janguza, inda gidajen yarin Kano suke, yana da ruwa da tsaki a yadda ake ƙara wa ganduroba girma, ko ya sani ko bai sani ba.

Jinkirin kuma ba ya ƙarewa ranar da aka liƙa anini. Tun dokar fansho ta 2004, abin da ma'aikaci zai samu a tsufansa daga abin da ake cira a albashinsa duk wata ne, da abin da gwamnati ke ƙara masa, kuma duka gwargwadon albashin ne. Wanda ya yi shekaru a matakin da ya kamata a ce ya wuce, asusunsa ma ya yi shekarun nan yana cin rabin ciki. Matar Yaya ta fi shi iya wannan lissafin. Ita ce ta taɓa ce mini, "Ai ba shi kaɗai aka tsayar ba, har da tukunyata."

Wani abin kuma ba na hukuma ba ne, namu ne mu mutanen gari. In yaro ya samu soja ko kwastan ko shige da fice, unguwa takan cika da barka. In ya samu aikin gidan yari sai a ce, "To, Allah Ya kawo wanda ya fi." Na sha jin ana cewa ganduroba ma fursuna ne, bambancinsu shi yana zuwa gida ya ci tuwo. Marigayiya Innarmu har ta koma ga Allah in an tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce "ma'aikacin gwamnati ne," ta tsaya nan. Alhali sunan gidan ma daga mai aikin aka samo shi, wato Yari, mai riƙe da kurkukun sarki a tsarin sarauta. Gidan Kurmawa da ke maƙwabtaka da Gidan Rumfa tun 1910 yake tsaye. Gidajen yarin En'e, wato hukumar gargajiya, sun koma hannun gwamnatin tarayya a 1968. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan aikin ya koma gyaran hali. Da na tambayi Yaya me ya canza, ya ce allon bakin ƙofa. Ya faɗa ne cikin raha, amma ni na riƙe sabon sunan da gaske: in dai gyaran hali ne aikin, to a auna mai aikin da halin da ya gyara mana. Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun tanadi cewa a riƙa cusa wa ma'aikata da jama'a cewa aikin nan hidima ce babba ga al'umma, a kuma biya albashin da zai jawo mutanen kirki ya riƙe su. 'Yar tasa ce ta karanta mana a waya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah Ya ji ƙan Mandela, shi ya zauna a ciki, ya san mu."

Da ni za a tambaya, ba abu mai tsada nake nema ba. A nuna wa kowa makinsa da dalilin da ya hana shi. Shekarun yadi da dararen duti su zama suna da maki nasu, kamar yadda takardar makaranta take da nata. Rahoton shekara kada ya tsaya a hannun mutum ɗaya wanda in kun saɓa shi ke nan. Takardar yabo kuwa nawa take ci? Farar takarda ce da sa hannu. Akwai wani tsohon saje da nake yi wa ɗinki, ya yi ritaya tuntuni, tasa ɗaya tak ya samu a duk aikinsa, kuma tana nan a gilashi a zaurensa sama da hoton aurensa.

Mai yi mini aikin maɓalli da guga a shago, a gidan yari ya koyi keken ɗinki. Ranar da ya fito babu wanda ya zo ɗaukarsa. Yaya ya goyo shi a babur ya sauke a ƙofata ya ce, "Ga shi nan. In allura ɗaya ta ɓata ni zan biya." Ban so ba, kunyar Yaya ce ta sa na karɓa, kuma wata biyu ina kwana da makullin aljihun tebur a wuyana. Yau shekara 7 ke nan. Ya sayi kekensa, ya yi aure, ɗansa na fari sunan Yaya aka sa masa. A takardar rahoton shekara babu layin da za a rubuta wannan.

Makon jiya wani matashin hafsa ya kawo kakinsa a gyara masa kafaɗa, anini na biyu ya samu. Yaro ne mai ladabi, digirinsa na gaske ne, jarrabawarsa shi ya ci, ba ni da abin faɗa a kansa. Yaya ne ya koya masa yadda ake ƙirga ɗaki ba tare da an juya wa ƙofa baya ba. Aka yi dace Yaya yana zaune a benci, ya kawo wandon kakinsa a ƙara masa ƙugu. Yana ganinsa ya miƙe tsaye ya ƙame, ya ce, "Barka da arziki, yallaɓai." Yaron ya rasa inda zai sa kansa, ya kama hannunsa da hannu biyu yana cewa, "Haba Baba, don Allah zauna. Naku ma yana tafe in Allah Ya yarda." Yaya ya ce amin, amma bai zauna ba sai da yaron ya fita.

Na jawo gwangwani ina neman maɓallin da zai dace da wandon, na juye tarkacen a tebur, ledar ta faɗo. Ya ɗauka ya jinjina a tafin hannunsa.

"Har yanzu suna nan?"

"Suna nan, Yaya."

"Kada ka bari su yi tsatsa. An ce za a sake zama bayan Sallah."

Ya ajiye, ya duba agogo, ya ce in hanzarta da wandon, yau shi ke da dare.